Iska da Ruwa: Abin da Ɗaki Mara Taga Ya Yi wa Zuciyata a Guangzhou

Daren farko da na kwana a Guangzhou, birnin kasuwanci da ke kudancin ƙasar Sin, bango ne ya tashe ni. Na juya cikin barci hannuna ya taɓa shi, na ji shi sharkaf kamar an watsa masa ruwa da buta. Da na kunna fitila sai na ga gumi yana gangarowa daga jikinsa, madubin sif ya yi hazo, tayil ɗin ƙasa sai santsi. Watan Afrilu ne, lokacin da iska mai ɗumi ke tasowa daga tekun kudu ta iske gine-gine da sauran sanyin hunturu a jikinsu, sai ta zame musu raɓa. Mutanen garin suna kiran waɗannan kwanaki “dawowar kudu”.

Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Na sauka ana gab da buɗe baje-kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kuma a irin wannan lokaci kuɗin masauki ninkawa yake yi. Abin da aljihuna ya iya kamawa ke nan a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka. Gadar sama ce ta bi ta bayan ginin, motoci na gudu a kanta dare da rana, ga wata 'yar fankar zuƙe iska a saman banɗaki da ba ta yin shiru, ga hasken baranda yana kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ban san fitowar alfijir ba, ban san faɗuwar rana ba, sai waya ta faɗa mini lokacin sallah.

Sana'ata kayan ɗaki ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kawo gadaje, sif, madubai da labule Kano, yawanci iyayen amare ne ke saye. Ina kuma fama da hawan jini tun shekarar da maigidana ya rasu, kullum da safe sai na sha ƙwayata. A safiya ta uku a wancan ɗaki na ɗaura na'urar awo ta nuna 168 a kan 102. Gabana na faɗuwa haka kawai, abu kaɗan sai in ji raina ya ɓaci, har na tsinci kaina ina hawaye a kan sallaya ba tare da wani ya yi mini komai ba. Na ɗora laifin a kan gajiyar jirgi da bambancin awa bakwai da ke tsakaninmu da su.

Ɗan yayana yana karatun likita a garin, shi ne tafintana. Ran nan muka kama hanyar Lecong da ke yankin Foshan, tafiyar kamar awa guda a mota, kasuwar kayan ɗaki da shagunanta suka jeru kilomita da kilomita a gefen titi. A shagon da na saba ciniki, kamar kowane shago a can, akwai teburin shayi na katako, da akwatin gilashi mai jajayen kifaye kusa da ƙofa. Na zana wa matar mai shagon yadda nake son saitin: gado a tsakiya, ƙafarsa na kallon ƙofa, sif mai madubi daga sama har ƙasa a gefen da ke fuskantarsa, don irin wanda amarenmu ke rububi ke nan.

Surukarta na zaune tana zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, tsohuwa ce da ta haura saba'in. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki biro ta soke madubin. Ita yaren Kanton take yi, sai matar mai shagon ta juya shi zuwa Mandarin, ɗan yayana ya juyo mini da Hausa, kowace magana sai ta bi baki uku kafin ta iso ni.

“Gwaggo, wai tana tambaya, amarya za a sa a wannan ɗakin?”

Na ce ƙwarai.

“Ta ce ba za ta yi barci ba.”

Ta shiga gyara zanen. Ta mayar da kan gadon jikin bango mai ƙwari, ta ce mai barci yana son dutse a bayansa. Ta karkatar da shi yadda wanda ke kwance zai ga mai shigowa amma ƙafafunsa ba su miƙe saitin ƙofa ba, don a wurinsu gawa ake fitarwa da ƙafa a gaba. Ta ce kada a bar azara ko wani abu mai nauyi a saman kai, kada ƙofar banɗaki ta kalli gado, kada kuma madubi ya kalli mai barci, saboda in ya farka cikin dare ya ga motsi, zuciyarsa za ta tsinke kafin hankalinsa ya gane kansa ya gani. Nan na tuna yadda ake hana mu duba madubi da dare muna yara.

Sai ta ajiye biron ta ƙura mini ido. Ta nuna ƙasan idanuna da ɗan yatsa, ta tambayi inda nake kwana. Da aka ce mata ɗakin ba taga, ta dire butar shayin da ƙarfi.

“Ta ce iskar ɗakin ta mutu, Gwaggo, ke kuma a cikinta kike kwana.”

A nan na fara jin kalmar feng shui, wato ilimin Sinawa na tsara gida da wurin zama, daga bakin masu ita. Kalmomi biyu ne, iska da ruwa. Tushen abin shi ne wani abu da suke kira chi, wanda ɗan yayana ya yi ta lalubo masa Hausa, ya ce numfashi, ya ce iska, ya ce ƙarfin rai, duk bai gamsu ba. Wani tsohon littafi kan zaɓen wurin binne mamaci, da ake jingina wa malaminsu Guo Pu na ƙarni na 4, ya ce iska na tarwatsa wannan chi, ruwa kuma na tsare shi. Daga kabari ilimin ya shigo gida. Abin da ake nema shi ne chi ya ratsa gida a hankali, kada ya wuce fuu kamar an koro shi, kada kuma ya kwanta ya ruɓe. Shi ya sa ba sa son ƙofar gaba ta miƙe saitin ta baya, ba sa kuma son lungun da aka cushe da tarkace.

Tsohuwar ta lissafo mini abubuwa biyar a yatsunta: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Kowanne da gaɓarsa a jiki da halin da ke tafiya da ita. Hanta ta itace ce, fushi ke taɓa ta. Huhu na ƙarfe ne, baƙin ciki ke cin sa. Ƙoda ta ruwa ce, tsoro ke raunana ta. Saifa ta ƙasa ce, yawan tunani ke gajiyar da ita. Zuciya kuwa ta wuta ce, kudu ce kusurwarta, ja ne launinta, kuma murna ce halinta, har suna cewa murnar ma in ta yi yawa tana wahalar da ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmarsu ta zuciya, shin, ita ce tsokar da ke bugawa a ƙirji, ita ce kuma mazaunin tunani da damuwa. Mu ma haka muke. Wanda ya ce zuciyarsa ta yi sanyi da wanda likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, abu ɗaya suka ambata.

Ta ce tana budurwa, lokacin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, ba mai iya faɗar waɗannan abubuwa a fili, an sa su cikin tsofaffin camfe-camfen da za a kawar, masu kamfas ɗin duba gida suka ɓoye kayansu. Yanzu ya dawo, musamman a kudu wurin 'yan kasuwa. Daga nan ta nemi in ba ta shekarar haihuwata da watan, ta lissafa mini kusurwar da za ta jawo mini lafiya da arziki.

A nan na tsaya. Na ce wa ɗan yayana ya gode mata, ya ba ta haƙuri. Ya ce mata, “Ayi,” wato Inna da yarensu, “addininta bai yarda ba,” ta gyaɗa kai ba tare da ta ji haushi ba, ta ƙara mini shayi. Gyara gado don mutum ya yi barci daban, neman sanin rabo daga ranar haihuwa daban. Na biyun duba ne, kuma mun san hadisin da ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Haka ɗan madubin nan mai kusurwa takwas da na riƙa gani a saman ƙofofi don mayar da sharri, da gudun lamba 4 saboda sunanta ya yi kama da kalmar mutuwa, har wasu benaye ba su da hawa na huɗu a jikin lifta. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Amma maganar iskar da ta mutu ta bi ni har masauki.

Washegari ba a loda kaya ba, sai ɗan yayana ya kai ni tsohuwar unguwar Xiguan, inda aka adana gidajen attajiran dā a gundumar Liwan. Na daɗe a bakin ƙofar wani gida ban shiga ba. Ƙofa uku ce a jere. Ta waje gajera ce, iya tsare idon mai wucewa. Ta tsakiya sanduna ne na katako masu kaurin damtse, goma sha wani abu, an jera su a kwance da tazara, ana tura ta gefe. Ta ciki ita ce babba, sai dare ake rufe ta. Da rana sai a bar ta sandunan kawai, ɓarawo ba ya shiga, iska kuma ba ta tsaya sallama. Ina tsallaka dokin ƙofar sai na ci karo da wani allon katako da ya tare ni, dole na kewaya. A ciki an bar wani ɗan fili ba rufi, suna ce masa rijiyar sama, haske na saukowa ta nan, zafi na fita ta nan. A gefen gidan kuma wani siririn lungu ne mai dogayen bango da rana ba ta samu, yana jawo iska mai sanyi zuwa ɗakuna. Ba fanka, ba esi, amma mayafina sai kaɗawa yake yi.

Na tsaya a tsakiyar rijiyar saman nan, na ji kafaɗuna sun sauka. Gidan kakata na cikin birni ne ya faɗo mini: zaure, sai ka karya ka shiga shigifa, sai ka sake karyawa kafin ka ga tsakar gida, da bishiyar darbejiya da randuna a ƙarƙashinta. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan ilimi ne mai suna. Maginanmu sun san daga gabas hadari ke bugowa, su kuma nasu sun san sanyi daga arewa yake zuwa, iskar bazara daga kudu, shi ya sa suke son gida ya ba arewa baya ya kalli kudu. Garin ma kansa haka yake zaune, dutsen Baiyun a bayansa, kogin Lu'ulu'u a gabansa.

Ranar Juma'a muka yi sallah a masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin Sin ke jingina wa sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, cikin wani lambu mai manyan itatuwa. Bayan an idar muka zauna a inuwa, na ce masa, “Likita, tsakaninka da Allah, a cikin maganar tsohuwar nan me karatunku ya yarda da shi?”

Ya ce, “Gwaggo, ki raba ta biyu.” Batun jan launi a kudancin ɗaki ko kusurwar sa'a, ya ce babu wata hujjar asibiti da ta nuna suna gyara zuciya. Amma barci, da ƙara, da haske, da iska, waɗannan an auna su. Mai lafiya in ya yi barci jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, nan ne zuciya ke samun hutunta, wanda kuma nasa ba ya sauka cikin dare ya fi shiga haɗari. Ƙarar mota ko ba ta tashi mutum ba jikinsa na jin ta, yana sakin sinadaran firgici, bugun zuciya ya ƙaru. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada ƙarar titi da dare ta wuce ma'aunin desibel 45. Haske ma haka. A 2022 masu bincike a jami'ar Northwestern ta Amurka sun kwantar da matasa 20, wasu a ɗaki mai duhu, wasu da fitila a kunne, dare ɗaya tak waɗanda suka kwana cikin haske zuciyarsu ta fi bugawa da sauri. A 2022 ɗin ne kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa barcin awa 7 zuwa 9 cikin abubuwa takwas da take auna lafiyar zuciya da su.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na taga. Ya ce a 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar 'yan uwansu ba. Na yi shiru. Su bango suke gani ta taga, ni ko tagar ba ni da ita. Sai hadisin nan ya zo mini, wanda ya lissafa yalwataccen gida cikin abubuwan jin daɗin ɗan Adam, tare da mace tagari da maƙwabci nagari da abin hawa mai daɗi.

A ranar na ƙara kuɗi na koma ɗaki a hawa na tara, ɓangaren da ba ya kallon gada, mai taga da ke buɗewa. Na ja gadon daga saitin ƙofa, na toshe ƙasanta da tawul, na yafa wa madubin zani. Na yi barci tun bayan isha'i har kiran waya na asuba. Bayan kwana uku awo ya dawo 142 a kan 88. Na gaya wa ɗan yayana cikin murna, ya ce, “Alhamdu lillahi, Gwaggo, amma jikinki ma ya saba da lokacin nan yanzu, kuma kada ki kuskura ki ajiye ƙwayarki.” Ban ajiye ba.

Ta Hong Kong jirgina zai tashi, don haka na shiga jirgin ƙasa mai sauri, cikin kamar awa guda muka isa. Wani Bahaushen zangon Kumasi da ke haɗa mana kaya a can ya tarbe ni. A Hong Kong feng shui bai taɓa ɓuya ba, manyan kamfanoni na biyan masanansa kuɗi masu kauri kafin a sa harsashi. Ya nuna mini ginin bankin HSBC da aka gama a 1985, an bar ƙasansa a buɗe don iska ta ratsa daga dutse zuwa teku. Kusa da shi ga dogon benen Bankin Sin na 1990, wanda aka yi ta ƙorafin kusurwoyinsa sun yi kaifi kamar wuƙa suna yankan maƙwabta, har mutanen gari na cewa ƙarafa biyun da ke kan rufin HSBC igwa ce aka saita masa. A Repulse Bay kuma akwai wani ƙaton bene da aka bar wa rami a tsakiya, wai hanyar da dodon dutse zai bi ya sha ruwa.

Da yamma ya ce, “Hajiya, mu je ki gaisa da iyali.” Muka hau wani tsohon bene a Sham Shui Po. Gida ɗaya ne aka yanka shi huɗu da katako. Nasu ɗakin, in na miƙa hannuwana biyu saura kaɗan in taɓa bango da bango. Gado mai hawa biyu, tukunyar shinkafa a kan firij, murhu dab da ƙofar banɗaki, kayan sawa a rataye a saman kai, tagar kuwa ta faɗa rabon maƙwabci. Duk abin da tsohuwar Lecong ta hana, ga shi a ɗaki ɗaya. Ya ce sama da mutum 200,000 ne ke zaune a irin waɗannan ɗakuna a garin. Matarsa ta ba ni ruwa, ta ce tun da suka tare kanta bai daina ciwo ba, yaron kuma kullum cikin tari. Abin ya ci mini rai har yau. An san darajar iska a garin nan sani na haƙiƙa, har an huda bene saboda ita, ga kuma uwa da ɗanta suna kwana inda ba ta shiga.

Da na dawo Kano, kafin in huta na sa yara suka kwashe kwalayen labule da na tara a jikin tagar ɗakina shekara uku, muka mayar da gadon ɗaya bangon, nesa da inda janaretan maƙwabta ke kwana yana ruri.

Wata biyu bayan nan kwantena ta iso, aka kira ni jeren wata yarinya da mahaifiyarta ta sayi saiti a wurina. Na iske kafinta ya riga ya kafa sif ɗin a bango mafi tsawo, ya rufe tagar ɗakin ruf, ita kaɗai ce kuma. Na ce a kwance. Gwaggon amarya ta taso mini.

“Haba Hajiya, in aka raba sif ɗin ai ba zai yi kyau a hoto ba. Dangin miji gobe za su zo gani.”

Na ce, “Yaya, su gani za su yi su tafi, ita ce za ta kwana a ciki.”

Aka yi ta ja, har uwar amarya ta aiko daga gida cewa a bi abin da na ce. Kafinta ya kwance ƙofa biyu ya kai su ɗaya ɗakin, muka juya mai madubin ta kalli gefe, muka jingina kan gadon da bango. Wata yarinya ta hau kujera ta ɓalle sakatar tagar, ta yi tauri sai da aka sa mata man gyaɗa. La'asar ta yi, labulen ya fara motsi, muka koma falo muka ci gaba da jera kwanuka.